Daga Talabijin Zuwa Takarda: Martanin Masoya Wasan Buffy Game da Zango na Takwas

1.0 Gabatarwa

Ranar 20 ga watan Mayu na shekarar 2003 aka nuna kashi na ƙarshe na wani wasan talabijin na ƙasar Amurka mai suna Buffy the Vampire Slayer, bayan an yi zango bakwai, watau kashi 144, ana nuna shi tun daga watan Maris na 1997. Shekara huɗu ba wata biyu bayan haka, a watan Maris na 2007, sai wani kamfanin ɗab'i mai suna Dark Horse ya fitar da fitowa ta farko ta wata mujallar zane, aka rubuta a bangonta cewa wannan shi ne zango na takwas na wasan. Ba kuwa wani baƙo ne ya rubuta ta ba. Joss Whedon ne, mutumin da ya ƙago wasan tun asali.

Masoya wasan sun tarbi wannan mujalla hannu bibbiyu, amma kafin a kai ƙarshenta a watan Janairu na 2011 murnar da yawa daga cikinsu ta riga ta koma ciki. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana abin da ya haddasa haka. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, masoyin ya sami kansa ne a halin gaba kura baya sayaki: an ba shi labarin da ba ya da ikon ƙaryatawa, domin daga bakin mai shi ya fito, amma an ba shi ta hanyar da ta tuɓe wa labarin yawancin abubuwan da suka sa ya ƙaunace shi tun farko.

Kafin a shiga cikin bayani ya kamata a daidaita ma'anar wasu kalmomi. Abin da ake nufi da labarin zane a nan shi ne labarin da ake bayarwa ta hanyar jera hotunan da aka zana da hannu, kowane hoto a gidansa, maganar mai magana kuwa a rubuce cikin 'yar da'ira kusa da bakinsa. Ya bambanta da zanen barkwanci na jarida, wanda yawanci bai wuce gida ɗaya zuwa huɗu ba, manufarsa kuma raha ko zambo. Zango shi ne abin da aka nuna na wasan cikin shekara guda. Masoyi kuwa ba mai kallo kawai ake nufi ba. Shi ne wanda ya haddace sunayen 'yan wasa da tarihinsu, yana jayayya a kansu kamar danginsa, irin wanda Bahaushe kan kira ɗan-gani-kashe-ni. Sai kuma halittar da Turawa ke kira vampire, wadda ba ta da takwara sosai a al'adar Hausa. Ta yi kusa da maye ta fuskar cutarwa, amma shi maye rayayye ne, kurwa yake kamawa, ita kuwa gawa ce da ta tashi, jini take sha, hasken rana yana ƙone ta, kuma da tsinin itace ake soke zuciyarta a kashe ta. Saboda haka za a kira waɗannan halittu mashaya jini, yarinyar da ke farautarsu kuwa a kira ta Makashiya.

2.0 Wasan Kansa

Buffy Summers, wadda Sarah Michelle Gellar ta fito a matsayinta, 'yar makarantar sakandare ce a wani ƙagaggen gari mai suna Sunnydale a jihar Kalifoniya, garin da aka gina a kan wata ƙofa ta duniyar aljanu. A kowane zamani akan zaɓi yarinya guda a ba ta ƙarfin da ya fi na mutane domin ta yaƙi mashaya jini, in ta mutu ƙarfin ya koma kan wata. Tare da ita akwai Giles, Baturen Ingila mai kula da laburaren makarantar, wanda shi ne mai horar da ita, kuma a hankali ya zame mata uba. Da ƙawarta Willow wadda ta zama matsafiya. Da Xander wanda ba shi da wani ƙarfi sai amana. Da Angel, mashayin jini mai kurwar mutum, wanda soyayya ta shiga tsakaninsa da ita. A zango na biyar aka ƙaro Dawn, ƙanwarta.

Gishirin wasan shi ne, dodannin da ke cikinsa kusan duk misalai ne na matsalolin ƙuruciya. Alal misali, a zango na farko akwai wata ɗaliba da malamai da 'yan ajinsu suka yi watsi da ita har ta ɓace daga gani, watau abin da ake faɗa da baki cewa ba a ganin mutum ya zama gaskiya. A zango na biyu kuwa Angel ya rasa kurwarsa bayan ya kwana da Buffy, ya juye ya zama azzalumi, wanda kowace budurwa da saurayi ya taɓa juya wa baya za ta gane inda aka dosa. Mai kallo bai taɓa ganin mashayin jini ba, amma ya san wulaƙanci da kaɗaici da bashi da rashin uwa.

A kashi na ƙarshe Willow ta yi wani tsafi da ya raba ƙarfin Makashiya ga dukan 'yan matan duniya da ke da rabonsa, garin Sunnydale ya rufta ya zama rami, waɗanda suka tsira suka tsaya a bakin ramin. Aka tambayi Buffy abin da za su yi nan gaba. Ba ta ce uffan ba, ta yi murmushi, wasa ya ƙare. Wannan shirun yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya, domin kusan shekara huɗu kowane masoyi ya yi yana cika shi da amsar da ransa ke so.

3.0 Batun Sahihanci

Ba a 2007 aka fara zana Buffy ba. Tun 1998 kamfanin Dark Horse ke buga mujallun zane a kanta, an kuma rubuta ƙagaggun littattafai barkatai da sunanta. Amma masoya ba su ɗauki waɗannan a bakin komai ba, suna karantawa don nishaɗi, in wani abu ya faru a ciki wanda bai yi musu ba sai su ce ai wannan ba a cikin labarin yake ba. Suna da kalmar da suke bambancewa da ita, watau canon, wadda asalinta ta malaman Kirista ce, suna amfani da ita wajen rarrabe littattafan da coci ta amince da su da waɗanda ba ta amince da su ba. Masoya labaran Sherlock Holmes ne suka shahara da fara aro ta, don ware abin da Arthur Conan Doyle ya rubuta da hannunsa daga abin da wasu suka ƙara. A Hausa ana iya cewa sahihin labari.

Abin da ya bambanta zango na takwas shi ne an ɗora masa hatimin sahihanci. Whedon ya rubuta fitowa huɗu na farko da wasu da dama a gaba, ya kuma riƙe matsayin babban mai shiryawa kamar yadda ya riƙe a talabijin. Ya jawo marubutan da suka yi aiki a wasan, irin su Jane Espenson da Drew Goddard da Doug Petrie, ya haɗa su da ƙwararrun marubuta labarin zane kamar Brian K. Vaughan da Brad Meltzer. Georges Jeanty ne ya zana mafi yawan shafukan, Jo Chen kuma ta zana yawancin bangunan. A 2008 mujallar ta ci lambar Eisner, wadda ita ce mafi daraja a wannan fage a Amurka, a rukunin sabuwar mujalla. Mutane da yawa da ba su taɓa taka kantin sayar da mujallun zane ba sun fara zuwa saboda ita.

To, amma sahihanci takobi ne mai kaifi biyu ga marubuci da masoyi duka. Shi marubuci ya ɗaure kansa da duk abin da aka faɗa cikin kashi 144, ga kuma dubban masu karatu da suka fi shi haddace su. Ba a je ko'ina ba aka ga misali. A zango na shida Willow ta kashe wani mugu mai suna Warren, ta feɗe shi da tsafi. A farkon mujallar sai aka nuna ashe bai mutu ba, wata matsafiya mai suna Amy ta cece shi. Nan take masoya suka tuna cewa a zango na bakwai wani iblis, wanda ƙa'idarsa ita ce ba ya iya ɗaukar siffar kowa sai ta mamaci, ya fito da siffar Warren. In kuwa haka ne, lalle Warren ya mutu. Aka rubuto wasiƙu, Whedon ya amsa a shafin wasiƙun mujallar cewa mantawa ya yi, ya nemi gyara da cewa mutumin ya mutu na ɗan lokaci kafin a farfaɗo da shi. Abin dariya ne, amma ya nuna inda iko yake: marubuci ke da hatimi, masoya ke riƙe da kundin tarihi.

Ta ɓangaren masoyi kuwa, ƙofar gudun da yake da ita a da ta rufe. Ba zai ƙara cewa wannan bai faru ba. Har ma abin da ya riga ya gani da idonsa ana iya warware shi. A 2004, cikin wasan Angel, wanda reshe ne na wasan Buffy, an nuna cewa Buffy tana zaune a Roma tana holewa da wani sabon saurayi. Fitowa ta farko ta mujallar ta ce waccan ba Buffy ba ce, wata yarinya ce aka sa ta yi shigarta don ɓad da sawu. Wasu sun ji daɗin wannan gyara, domin dama labarin Roma bai kwanta musu ba. Amma darasin a fili yake: wanda ya iya goge abin da ba ka so, zai iya goge abin da kake so.

4.0 Abin da Takarda Ba Ta Ɗauka

Ƙorafin da ya fi yawa a farko bai shafi abin da ya faru a labarin ba, ya shafi yadda ake jin sa. Masoyi zai ce kalmomin na Buffy ne amma ba ya jin Buffy. Wannan magana tana bukatar a tsaya a kanta, domin wasan ya yi suna ne wajen sarrafa harshe. 'Yan wasan suna da wani karin Ingilishi nasu, suna liƙa ɗafa-ƙeya inda ba a saba ba, suna mai da aikatau suna, su mai da suna sifa. Daga aikatau slay, alal misali, suka ƙera slayage, kalmar da daga baya ta zama sunan wata mujallar nazarin wasan da aka kafa a 2001. Wani masanin harshe, Michael Adams, ya wallafa littafi sukutum a kan wannan kari a 2003 mai suna Slayer Slang. Duk wannan ana iya rubuta shi a takarda, an kuwa rubuta. Abin da ba ya rubutuwa shi ne inda murya ta hau da inda ta sauka, da in'inar Willow in ta ji kunya, da yadda Giles kan cire tabarau ya goge kafin ya faɗi magana mai nauyi. Malaman da suka taɓa juyar da waƙar baka daga kaset zuwa takarda sun san wannan asara: baitoci suna nan, amma kiɗa da amshi da rauji sun tsaya a baya.

Wanda ya daɗe yana kallo yana iya cike wannan giɓi daga ƙwaƙwalwarsa, yana karantawa yana jin muryar Gellar a kunnensa. Sai dai wannan yana yiwuwa ne ga tsofaffin 'yan wasa kawai. Sababbin da aka ƙago a mujallar, irin su Satsu da Renee, ba su da muryar da za a tuna, don haka da wuya su sami gindin zama a zuciyar masoyi irin na waɗanda ya san sautinsu. A tsakanin 2010 da 2011 an ɗauki fitowa 19 na farko aka ɗan motsa hotunan aka sa musu murya, amma ba muryoyin 'yan wasan asali ba ne, sai abin ya ƙara fito da giɓin da aka so rufewa.

Haka nan batun fuska. Mai zane ba mai ɗaukar hoto ba ne, kuma in ya nace wa kama sai zanen ya sandare. Jeanty ya zaɓi ya zana Buffy a matsayin halitta mai zaman kanta, ba hoton Gellar ba. Ta fuskar fasaha zaɓin daidai ne. Amma masoyin da bai saba da labarin zane ba yakan tsaya yana tantance wane ne wannan, musamman a gidajen da aka tara 'yan mata da yawa, kuma duk lokacin da mai karatu ya tsaya tambayar wane ne ke magana to ya fita daga cikin labari.

Abu na uku, wanda ya fi waɗancan zurfi, shi ne lokaci. A talabijin mai shiryawa ne ke riƙe da agogo. A kashin da ake kira The Body, na 2001, Buffy ta shigo gida ta iske mahaifiyarta ta rasu a kan kujera. Babu kiɗa ko kaɗan a kashin, kyamara ta bi ta daga ɗaki zuwa ɗaki, mai kallo ba shi da mafita, dole ya zauna cikin wannan shiru gwargwadon yadda aka so ya zauna. A takarda mai karatu ne ke riƙe da agogo. Idonsa yana hango ƙarshen shafi kafin ya karanta farkonsa, kuma dabara ɗaya da marubuci ke da ita ta ɓoye abin mamaki ita ce ya ajiye shi a bayan shafi. Scott McCloud, a littafinsa Understanding Comics na 1993, ya bayyana cewa ainihin aikin labarin zane yana faruwa ne a ɗan farin filin da ke tsakanin gida da gida, inda mai karatu ke haɗa hoto biyu da hankalinsa ya samar da motsin da ba a zana ba. Wannan ƙwarewa ce da ake koya, ba kowa ke zuwa da ita ba. Da yawa daga masu sukar mujallar, in an duba da kyau, ba su saba da wannan aiki ba ne, sun zo da idon mai kallo alhali ana bukatar idon mai karatu. Ba a ce duk sukarsu ta faɗi saboda haka ba, amma adalci ne a ambata.

Sa'an nan ga tazarar fitowa. Zangon talabijin kashi 22 ne, ban da na farko mai 12, kowane kashi kusan minti arba'in da 'yan kai, ana gamawa cikin wata tara. Mujallar kuwa sau ɗaya take fita a wata, da shafi ashirin da 'yan kai waɗanda ba su wuce karatun rubu'in sa'a ba. An yi niyyar fitowa kimanin 25, aka ƙare da 40. Zango guda ya ci kusan shekara huɗu. Ɓacin ran da a talabijin kan huce cikin mako guda, a nan sai ya kwana talatin yana tafasa.

5.0 Rashin Iyaka

A talabijin kuɗi ne ke yanka wa marubuci iyaka. Ba ya iya kai 'yan wasa wata nahiya, ba ya iya nuna runduna, dodonsa mutum ne sanye da roba. Shi ya sa mafi yawan wasan ya gudana a laburare da maƙabarta da falon gidan su Buffy da wani gidan rawa guda. A takarda kuwa kuɗin zana duniya tana tarwatsewa ɗaya ne da kuɗin zana mutum biyu suna shan shayi.

Marubutan sun saki jiki da wannan 'yanci. Mujallar ta buɗe da Buffy tana dirowa daga jirgi mai saukar ungulu, tana jagorancin ɗaruruwan 'yan mata mayaƙa daga wata tsohuwar fada a Sikotland, sojojin Amurka suna kallonta a matsayin 'yar ta'adda. Dawn ta zama ƙatuwa mai tsawon gini saboda wani sammu, har ta yi dambe da wani mutum-mutumin ƙarfe mai siffarta a tsakiyar birnin Tokyo. An jefa Buffy shekara ɗari biyu gaba, an ɗauke jirgin ruwa mai nutso da tsafi an dire shi a tsaunukan Tibet, daga baya Buffy kanta ta fara tashi sama, Spike kuma ya iso cikin wani jirgi da manyan ƙwari ke tuƙawa. Kowane ɗaya daga waɗannan yana da ban sha'awa a idon mai son zane. Amma tambayar da masoyi ya riƙa yi ita ce, misalin me ke nan? Ɗalibar da ta ɓace daga gani kowa ya san ta. Shugabar rundunar da ke tashi sama ba ta yi kama da kowa ba. Ashe talaucin talabijin, wanda marubutan ke gani kamar ƙangi, shi ne ya riƙe labarin a ƙasa inda mutane suke.

6.0 Twilight da Mutuwar Giles

Babban abokin gaba a zangon wani ne mai rufe fuska da ake kira Twilight, wanda ta dalilinsa 'yan mata mayaƙa masu yawa suka halaka. Kusan shekara uku masoya suka yi suna cacar ko wane ne. A watan Janairu na 2010, wata biyu kafin a yaye masa rufin a fitowa ta 33, sai hoton bangon wata fitowa mai zuwa da aka sake don talla ya tona asirin: Angel ne. Haushin ya zama biyu, na asirin da ya fasu kafin lokaci da na amsar kanta. Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne, a daidai wannan lokaci wani kamfani dabam, IDW, yana buga cigaban wasan Angel tun daga Nuwamban 2007, inda ake nuna shi gwarzo mai kare bayin Allah a Los Anjeles, farkon wannan cigaba kuma shi ma da sa hannun Whedon. Mutum guda, kamfani biyu, hali biyu. A nan masoyi ya gane cewa bayan marubuci akwai wani mai iko, watau mai riƙe da lasisi.

Bayanin da aka bayar, cewa wani iko na sararin samaniya ne ya ja Angel da Buffy domin haɗuwarsu ta haifar da sabuwar duniya, bai gamsar da mutane da yawa ba, kuma gaskiya yana da wuyar karewa, domin ya ɗauke alhakin aiki daga kan mai aikatawa ya ɗora wa ƙaddara, abin da wasan ya shekara bakwai yana yaƙa. Sai fitowa ta 39, a Disamban 2010, inda Angel, bayan wancan iko ya hau kansa, ya karya wuyan Giles. Ba banza aka zaɓi wannan hanya ba. A 1998, a zango na biyu, haka Angel ya kashe Jenny Calendar, matar da Giles ke so. Wanda bai kalli wasan ba zai ga mutuwa ɗaya, wanda ya kalla zai ga biyu.

Martanin masoya a nan shi ne ya fi komai bayyana halin da suke ciki. Wasu sun ce sun yi kuka. Wasu sun ce rashin mutunci ne a kashe mutum irin Giles a takarda, ba tare da an bar Anthony Stewart Head, wanda ya shekara da shekaru yana ɗauke da shi, ya yi wannan mutuwa da jikinsa da muryarsa ba. Wasu kuma suka yanke cewa a wurinsu labari ya ƙare tun a bakin ramin Sunnydale, duk abin da ya biyo baya ba su san da shi ba. Wannan matsayi na uku ya fi jan hankali, domin ya sauya ma'anar sahihanci daga abin da marubuci ya tabbatar zuwa abin da mai karatu ya yarda ya ɗauka. Henry Jenkins, a littafinsa Textual Poachers na 1992, ya riga ya nuna cewa masoya wasannin talabijin ba masu karɓa kawai ba ne, suna shiga gonar marubuci su ɗebi abin da suke so su gina nasu. Amma ruwa ba ya tsami banza. Mutum ba ya fushi da mutuwar da bai gaskata ba, kuma yawan rantsuwar cewa abin bai faru ba alama ce ta cewa ya taɓa zuciya. Babu wanda ya taɓa yin irin wannan rantsuwa a kan mujallun 1998.

7.0 Abin da Ya Biyo Baya

A fitowa ta 40 Whedon ya rubuta wa masu karatu wasiƙa, inda ya amsa cewa daɗin rashin iyakar kuɗi ya ɗebe su, har suka yi nisa da abin da mutane ke so a wasan, watau 'yan matsalolin yau da kullum, ya kuma yi alkawarin komawa ƙasa. Dama a ƙarshen zangon Buffy ta fasa wani ƙwai wanda shi ne tushen tsafi a duniya, don haka hanyar ta samu. Zango na tara, daga 2011 zuwa 2013, ya same ta tana aiki a kantin shan gahawa a San Faransisko, tana zaman haya da wasu, kuma aljanin da ya fara tare ta ya zo ne karɓar bashin kuɗin makaranta. An farfaɗo da Giles a 2013, amma a jikin yaro ɗan kimanin shekara goma sha biyu, dabarar da takarda kaɗai ke iya ɗauka ba tare da neman ɗan wasa ba. Zango na goma, wanda Christos Gage ya rubuta Rebekah Isaacs ta zana mafi yawansa daga 2014 zuwa 2016, ya fi samun karɓuwa wurin waɗanda suka jure suka kai can. Aka rufe da zango na goma sha biyu a 2018.

Daga nan lasisin ya bar hannun Dark Horse. A watan Janairu na 2019 kamfanin BOOM! Studios ya sake labarin daga tushe, ya mai da Buffy 'yar sakandare a zamanin wayar hannu, ya ajiye duk abin da aka gina cikin shekara goma sha ɗaya a gefe. A Fabrairun 2021 kuma Charisma Carpenter, wadda ta fito a matsayin Cordelia, ta fito fili ta zargi Whedon da muzguna mata a lokacin aiki, wasu abokan aikinta suka goya mata baya, shi kuwa daga baya ya musanta mafi yawan zargin. Wannan ya sa masoya da yawa suka daina ɗaukar sa hannunsa a matsayin ma'aunin komai.

A watan Oktoba na 2023 kamfanin Audible ya fitar da wasan kwaikwayo na sauraro mai kashi tara, Slayers: A Buffyverse Story, wanda Amber Benson, ɗaya daga 'yan wasan asali, ta rubuta tare da Christopher Golden. A ciki aka ji muryoyin James Marsters da Charisma Carpenter da Anthony Stewart Head da wasu, kowa a matsayinsa na da. Babu hoto, babu hannun Whedon, kuma ba a ɗora shi a kan abin da mujallun suka ba da labari ba. A cikinsa Giles yana raye, dattijo, da muryar da aka san shi da ita.